Riƙe Ƙwallon Tukuna

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata, mijina, Abban yarinyata.

Wata biyar ke nan da aka fita da kai ta ƙofar nan a kafaɗun maza, amma har yau harshena ya ƙi furta "marigayi". Na san takarda ba ta zuwa inda kake. To wa zan faɗa wa? Wa zai ji bai ce na zautu ba?

Ka tuna gardamarmu ta ƙwallon kwando? Shekara shida muna kallo a talabijin a kan kujerar nan mai rami a tsakiya, ba mu taɓa shiryawa ba a kan gwanin gwanaye cikin masu raba ƙwallo, waɗanda duk wasan ke fitowa daga hannunsu. Kai naka dogon nan ne da ka laƙaba wa Mai Ido a Ƙeya: ya kalli gabas ya jefa yamma, ƙwallo ta faɗa hannun abokin wasansa kamar an aike ta. Ni nawa gajeren nan ne, Mai Haƙuri, wanda ke buga ta a ƙasa sannu-sannu, ido a kan agogo, ba ya saki sai kowa ya isa wurinsa. Ka ce nawa maganin barci ne, na ce naka ɗan burga ne. A kan Maharbi kaɗai bakinmu ya zo ɗaya, yaron zamanin nan mai jefawa raga daga tsakiyar fili: hannu kam akwai, sai dai rowa.

Hujjarka kullum ɗaya ce, wai gwani ba ya jefa ƙwallo inda mutum yake, sai inda zai je. Kuma a kaina kake gwadawa! Makulli, lemo, zaren ɗinkina, ka wurgo ta bayan kafaɗa ko waiwaye babu, in fito daga kicin kawai in ji abu a tafin hannuna. Sau nawa na yi maka tsiya cewa wata rana sai ka fasa mini ido? Dariya kawai kake yi, don ko sau ɗaya ba ka taɓa kuskure ba.

Hasken raina, ashe ba ka daina ba.

Da lemo aka fara. Ina shara da hantsi, ya gangaro daga tebur ya faɗa hannuna daidai lokacin da na sunkuya. Sai zare: na miƙa hannu kan keken ɗinki ina neman baƙi, ya iso daga bayana, inda ba kowa sai bango. Inna ta ce iska ce, in yawaita addu'a, wanda ya tafi ba ya dawowa. Na yi addu'ar, wallahi na yi. Amma ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Har nakan juya wa ɗakin baya da gangan, hannuna a buɗe, ina jira kamar shuka mai jiran yayyafi.

Jiya bayan la'asar abin ya sauya. Tsohuwar ƙwallonka da ke saman kabad, wadda ta sace tun kana raye, ta sauko. Ƙwallon da ba iska a cikinta ta buga ƙasa sau uku, da ƙarar da na sani. Na buɗe hannu, ta wuce ni. Ta bi baranda, ta fice ta ƙofa, ta sauka kan titi, ta karkata hagu, ta hanyar da aka bi da kai. Can ta tsaya tana jira.

Kai da ba ka kuskure, masoyina, ina kake nufin zan je?

Ba ƙwallon ce ta fi ba ni tsoro ba, ƙafata ce. Ta bi ta, ba takalmi, ba mayafi, zuciyata fes, ba ko ɗar. Na kai bakin titi sai na ji an ja mini zani. 'Yarka ce, da cokali a hannu, tana tambaya ko in na tafi zan dawo in yi mata kitso. Shekararta huɗu, Abbanta. Ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba, ba ta cin abinci sai an hura mata.

Na sallama, ka ci gardama! Naka ne gwanin gwanaye, ba a yi kamarsa ba, kuma kai ka fi shi. Amma ina roƙonka da darajar shekarun nan shida, sau ɗaya tak ka yi wasa irin na gwanina. Riƙe ƙwallon. Buga ta a ƙasa sannu-sannu, dubi agogo, bari yarinyar nan ta isa wurinta. Kewarka na cina kamar gara a cikin itace, kuma na san kaina: in ka sake jefowa, zan bi.

Na ɗauko ƙwallon na mayar saman kabad, ban kulle ta ba. Ranar da 'yarka ta tsaya da ƙafafunta, ka jefo ba sai ka waiwayo ba, za ka same ni daidai inda ka nufa.

Taka kai kaɗai, a nan da can,
matarka, wadda ba ta taɓa barin jifanka ya faɗi ƙasa ba sai jiya.