Turancin Talatu a Wurin Sussuka

Daren Laraba, lokacin kaka

Har yanzu bayana ciwo yake. Muna cikin sussukar dawa, ƙanwata Talatu da ta zo hutu daga jami'a ta yar da taɓarya, wai ita "irritated" take. Baba ya ce, "Mene ne kuma wannan, 'yar boko?" Ta ce haushi take ji. Sai ya kwashe da dariya, ya ce ta je inuwa ta huta, ya wuni yana gwada faɗin kalmar.

Ni ran da na ce na ji haushi, marar kunya ya kira ni. Ni kaɗai na ƙarasa dawar, ƙaiƙayi har wuya. Haushin nan fa iri ɗaya ne. Nata dai aka kai makaranta, nawa aka bar shi gida yana daka.