Wakilin Yahuza a Gonar Baba Mani

Ruwan Godiya, Faskari

Ƙanena Yahuza,

Bayan gaisuwa, ya karatu? Tunda aka ɗauke mana sabis, sai dai in ba direba takarda.

Dawar Inna ta nuna, tsuntsaye sun fara yi mata rabo, kuma ita ce abincin gidan na bana. Ka san yadda gayya take: gidan da bai je wa mutane ba, ba a zuwa masa. Tun rasuwar Baba babu namijin da ya fita da sunan gidanmu. Ranar Asabar za a yi wa Baba Mani yanka, tamu kuma ta biyo baya. Ka zo ka nuna fuska.

Yayarka,
Mairo

*

Jami'a

Yaya Mairo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. A gaishe mini da Inna.

Wallahi abin ya dame ni, amma ga halin da nake ciki. Da safe ina aji, da rana ina shagon hoton takardu, wanda da shi nake ci. Ga shi kuma ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ɗora mini shugabancin ƙungiya, ranar Asabar ɗin muke karɓar sababbin ɗalibai. Jarrabawa kuma Alhamis.

Na samo mafita. Zan turo mataimakina, Mas'ud, ya wakilce ni. Haka muke yi a ƙungiya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Naki,
Yahuza

*

Ruwan Godiya

Ranka ya daɗe Shugaba,

Muna gaisuwa. Wakilinka ya iso lafiya, da farin takalmi da agogo. Yaron kirki ne, ban raina masa ba. Ya tsaya a bakin gona ya yi jawabi, ya isar da gaisuwar shugaba, ya ɗauki hoton masu yanka. Da aka miƙa masa lauje ya gwada, kai biyu ya yanka na uku ya haɗa da yatsa. Ni na ɗaure masa.

Baba Mani bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Mairo, ki hwaɗa mishi gayya ba a aiko ta. Ranar tasu mu ma sai mu aiko da gaisuwa."

Na ji zafin maganar nan, Yahuza, kuma ban ga laifinsa ba. Saura yankin gonarsa na fadama, za a ƙarasa Alhamis. In babu ɗan gidanmu a wurin, dawar Inna ta zama ta tsuntsaye.

Mairo

*

Jami'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yanke shawara, zan bar jarrabawar Alhamis, in sake kwas ɗin baɗi. Motar asubar ranar zan biyo.

Yahuza

*

Ruwan Godiya

Yahuza,

Kada ka taso. Na karanta wa Inna takardarka. Jiya, tun ranar ba ta zo ba, ta ɗauki laujen Baba ta shiga fadamar Baba Mani ita kaɗai, ta yi ta yanka har la'asar. Baba Mani da kansa ya karɓe laujen daga hannunta. Yau gari duka yana gonarmu.

Tana kwance, ina gasa mata baya. Ta ce ka zauna ka rubuta jarrabawarka, gidan ya riga ya fita gayya.

Mairo