Ɗakin Gonata da Aka Tone wa Gindi Aka Tafi

Zuwa ga Sarkin Magina na garinmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Malam Isa na bakin rafi, mai gona a hanyar Rawayya. Na zo ƙofar gidanka har na gaji, kullum a ce kana Gusau. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani ya karanta maka.

Na farko. Ka san ɗakin ajiyar da ke gonata, ginin ƙasa ne da mahaifina ya yi. A ciki nake ajiye irin shuka da garma, a jikinsa kuma nake ɗaure jakina. Da kaka na nuna maka yadda ruwa ya cinye gindin bangon, gara kuma ta cinye azarar rufin. Kai da bakinka ka ce kada a rushe, za a tona gindin a cusa dutse, a canza azara, ɗakin zai kai jikokina. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, don ba na son ganin ginin Baba a ƙasa.

Na biyu. Yaranka sun zo, ban musa ba. Sun tone gindin bangon ta gabas da kudu, rami har gwiwa. Sun zare ruɓaɓɓiyar azara, suka tokare rufin da gwafa. Daga nan aka ce aikin bulo ya samu a Damba, suka kwashe kayan aikinsu, ko sallama babu. Ranka ya daɗe, ni ban hana kowa neman abinci ba. Amma da kun bar mini ɗakin yadda yake, da ya fi. Da can ruwa wucewa yake yi, yanzu kuwa an haƙa masa wurin kwana a ƙarƙashin bango.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ka aiko cewa in shirya gayya bayan Juma'a, za ka zo da mutane a ɗora sabuwar azara. Tun rasuwar Hajara, matata, ni ke dafa abin da zan ci. Na kunna wuta na tuƙa tuwon dawa na mutane da yawa, da hannun da bai iya ba. Na share inuwa, na shimfiɗa tabarmi. Na zauna ina duban hanya har la'asar ta yi sanyi, ba wanda ya ɓullo. Wallahi na ji kunya, ko da yake ba mai kallona sai jaki. Tun ina saurayi ba a taɓa kiran gayya a garin nan na ƙi zuwa ba, har ta ginin zaurenka.

'Ya'yana suna Sabon Gari, maƙwabtan gonata sun tashi. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ruwan farko ya samu ramin nan a buɗe, bangon zai zauna, rufin ya biyo shi a kan irin da zan shuka bana.

Roƙona kaɗan ne. Ka turo a cike gindin bangon da dutsen da na riga na tara. In ba hali, ka faɗa mini gaskiya in mayar da ƙasar da kaina, in daina duban hanya. Azara kuwa, na gwada. Har yanzu ina iya ɗaga ta ta kai ɗaya. Mutum guda kawai nake nema ya riƙe mini ɗaya kan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a sana'arka, kada ya nuna maka ranar da za ka kira a rasa mai amsawa.

Wassalam.

Malam Isa na bakin rafi,
ƙasar Bunguɗu.