Habu Ya Dawo Cin Tuwon Inna

Agege, Legas

Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Yaya Zariya, yaya Anti Rabi da yara? Ƙafar taka ta yi sauƙi?

Albishirinka! Ƙaninmu Habu ya rabu da malamin nan na Ogba, wanda tun saukar soja daga mulki yake tara matasa yana cewa Allah ba ya karɓar addu'a sai wadda shi ya rubuta. Har tuwon gidanmu ya hana shi ci.

Ranar Juma'a Habu ya zo kwashe kayansa zai koma can gaba ɗaya, sai ya tarar Inna ta ɗaga hannu tana cewa, "Ya Allah, ka san Habuna da taurin kai, ka juyo mini da shi." Ya ce, "Inna, ba haka ake roƙo ba." Ta ce, "Ɗan nan, Allah na jin Hausa tun ba a haifi malaminku ba."

Sai ya fashe da dariya, can sai hawaye. Malmala uku ya cinye! Kashegari ya mayar wa mutanen malamin da littafin addu'o'insu.

Ka taya mu addu'a, don har yanzu suna aiko masa. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hajara