Hagu Biyu

Zuwa ga ɗiyata Rahinatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Tawa, tare da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya cikin sanyin ƙasar Turawa. Mu nan sai godiya. Gwaggonki Saratu ta koma Barmu wajen gona, wanki Idrisa aiki ya riƙe shi Yamai, gida ya rage daga ni sai kaji.

Bayanin aikinki da kika yi mini ta waya, har yau ina juya shi. Kin ce akwai ƙwayoyin sinadari da ido bai gani, masu zuwa biyu-biyu kamar hannun dama da na hagu, haɗinsu ɗaya, amma wata ta warkar, 'yar'uwarta ta cutar. Kin ce haske kuke haska musu a ɗakin gwaji, na'ura ta bambance su. Na ce ashe sana'ar dukancin gidanmu kika tafi koyo da nisa haka. Shekara arba'in da kwali ɗaya nake yankan takalmi: in na fitar da dama, sai in kife shi in fitar da hagu.

To, makon jiya na manta ban kife ba. Na ɗinke, na goge, na miƙa wa Malam Ma'azu hagu biyu. Ya jujjuya su, ya tambaye ni ko na ji labarin an canja masa ƙafa ne. 'Yan rumfa suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Da marigayiya mahaifiyarki tana nan, da takalman ba su fita gida ba, don ita ke jera su bakin ƙofa ta duba. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani. Zai yi aiki bayan Babbar Sallah, amma bai yi mini alkawarin komai ba.

Na ji masu ɗakin gwajin naku suna so ki ƙara shekara biyu. Ban hana ki ba. Sai dai muryarki kaɗai waya ke kawowa, kuma gani ya kori ji. Ina so in ga fuskarki kafin in kwanta gaban likita.

Na ɗinka miki takalmi ja, irin wanda mahaifiyarki ke so. Na laluba sau uku, wannan karon daidai suke. Hagun ne cikin ƙunshin nan. Na daman yana bakin ƙofa, inda take jera su, sai kin zo da ƙafarki.

Saratu da Idrisa suna gaishe ki. Ki gaida abokiyar zamanki Shamsiya.

Naki, mahaifinki,
Ɗahiru Baduku