Furen Inna a Bakin Na'ura

Korat, bayan bikin ruwa

Zuwa ga ƙanena Wichian,

Gaisuwa mai yawa da fatan sanyin Geneva bai kayar da kai ba. Mun roƙa maka lafiya a haikali. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, mangwaron bayan gida kuma ya yi 'ya'ya har jemagu sun ƙoshi.

Wani abu ya faru a wurin aikina da ya ba ni mamaki. Ka san kwamfutocinmu na jami'a suna cikin masu karɓar lissafin da kuke rarraba wa duniya daga wurin bincikenku in kun gwara ƙwayoyin zarranku. Ranar biki Inna ta matsa sai na kai ta ɗakin kwamfutocin. Ta tsaya tana kallon fitilu, ta tambaye ni wa ke raba aikin. Na ce duk na'urar da ba ta da abin yi ita ake miƙa wa. Ta ce ashe sun fi 'ya'yanta zumunci. Kafin na ankara ta rataya sarƙar furen yasmin a daidai mashigar iska.

Wa zai cire abin da tsohuwa ta rataya da hannunta? Shugabanmu Ajan Boonlert ma sai ya haɗa tafuka ya gaida furen ya wuce. Fure ya bushe ya toshe rariyar tace iska, na'urori suka ɗau zafi, ayyuka suka riƙa gudu zuwa wasu ƙasashe. Aka gargaɗe mu cewa in wata ya ƙare a haka za a cire mu daga layin, ɗalibanmu su rasa hanyar bincikensu. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Na je gida na durƙusa na nemi izininta. Ta harare ni, ta ce ita ina ruwanta da ƙarfe. Wai ba ni na ce wayar na'urorin nan har wurinka take kaiwa ba? Tunda ba ka zo ka zuba mata ruwa a hannu ta sa maka albarka kamar yadda ake yi a bikin ba, ta ga nan ce ƙofa mafi kusa da kai. Wichian, kuka na yi.

Na cire furen, na'urori sun huce, ba a cire mu ba. Busasshen furen da ke cikin ambulan ɗin nan naka ne.

Ka gaida matarka Malee da 'yarku Fon. Kawu Somkiat yana gaishe ka. Baɗi ka kawo kanka.

Yayarka,
Ratree