Tatsuniyar Husna

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna?

Ina nan Guangzhou, a ƙasar China, ina koyon aiki a rediyon asibitin yara. A nan na san Husna, 'yar wani ɗan kasuwar Kano, mai ciwon zuciya. Kullum da la'asar nakan turo ta a keken marasa lafiya zuwa ɗakin rediyon ta yi tatsuniya, har yaran China suka iya amsa mata in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ranar Talata ta rasu. Jiya ina buɗe shiri, wani yaro ya bugo waya daga gadonsa ya ce, "Ta zo mu ji ta!"

Ki gaida Inna. Ku yi wa Husna addu'a, ni ma ku yi mini, don gobe zai sake bugowa.

Ƙanwarki,
Sadiya